Farashin da Na Rubuta da Hannuna

Wata takwas ke nan Mai Jaka yana neman Baba ya ba shi minti goma kacal su yi maganar aurenmu, wata takwas Baba yana ce masa, "Bari na gama wannan aikin tukuna." Shi kuwa kafinta aikinsa ba ya ƙarewa. Baba na da shagon haɗa gadaje da kujeru, da ma'aikata shida, kuma idan ba ya son magana sai ya wuni yana goge ƙafar kujera ɗaya don kada ya ɗago ya kalli mutum.

Umma ta ce ba ƙinsa yake yi ba, sana'ar ce bai gane ba. Mai Jaka shafukan intanet yake haɗa wa mutane. Ba shi da ofis, ba shi da albashi, ba shi da ubangida. Kullum kwamfutarsa na goye a bayansa, shi ya sa Yaya ta laƙaba masa wannan suna, ya bi shi, har ni ma na koma kiransa da shi.

"Mutumin da duk arzikinsa ke shiga jaka ɗaya," in ji Yaya, "ranar da aka fizge jakar ai sai ki tattaro kayanki ki dawo ɗakinki."

Da ma Yaya na da nata ɗan takarar. Manaja, abokin mijinta. Sana'arsu ɗaya da Mai Jaka, sai dai shi yana da kamfani, da sakatariya, da mota, da turaren da ke riga shi shigowa falo. Bai taɓa yi min komai ba sai alheri, wannan ma shi ya fi ba ni haushi.

Ran nan muna cin abincin rana Baba ya aje cokali.

"Kwastomomi sun dame ni, wai sai sun ga kaya a waya kafin su zo shago. Ina son a yi min shafin nan. Ku faɗa wa mutanen naku su biyu, kowa ya rubuto min farashinsa a ambulan. Zuwa Asabar."

Bai kalle ni ba, amma gabana ya faɗi. Na san Baba. Wannan ba maganar shafi ba ce kawai, auna su yake son yi.

Ambulan ɗin Manaja ya iso ranar Laraba. Ni ce mai zama a gaban shago ina amsa waya ina karɓar oda, don haka a hannuna aka ba da shi. Ba a ma liƙe shi ba. Na juya shi ya fi sau goma, na ce ba zan buɗe ba, na yi ta'awizi, na aje. Sai kuma na buɗe.

Dubu ɗari biyar.

*

Da safiyar Alhamis na ce wa Baba zan je karɓo samfurin yadin kujera, na wuce wurin Mai Jaka.

Wani ɗaki ne a saman shagon tayoyi, tebur shida, fanka ɗaya, kowa na biyan kuɗin teburinsa duk mako. Wayoyin caji sun cakuɗe a ƙasa, in ba ka kula ba sai ka kashe wa mutum uku aiki da ƙafa ɗaya. Na tarar da shi shi kaɗai, sauran ba su iso ba.

Yana ganina ya washe baki.

"Auta! Kin zo a daidai. Zo ki gani, na gama."

Ya juyo min da kwamfutar. Takarda ce shafi biyu, tsaf da ita, komai a jere. Ban karanta komai ba, idona ya zarce can ƙasa.

Dubu ɗari shida da ashirin.

Na ja kujera na zauna.

"Ka fi shi tsada," na ce.

"Na fi wa?"

"Manaja. Ɗari biyar ya rubuta."

Murmushin ya ɗauke daga fuskarsa. "Kin buɗe masa takarda?"

"Ba wannan ce maganar ba."

"Ita ce mana. Da ba ki faɗa min ba." Ya shafa kansa. "To, shi ya san abin da ya lissafa. Ni ga nawa. Na je shagon sau biyu na ƙirga, kaya ɗari da arba'in ne. Kowane sai an ɗauke shi hoto, an rubuta tsawonsa da faɗinsa da irin katakonsa. Mai hoto zai ci nasa. Ga kuɗin sunan shafi da kuɗin ajiye shi a intanet na shekara. Ga wurin da mutum zai danna ya yi oda ta faɗo wayarki. Ga koya muku yadda za ku sa sabon kaya da kanku. Ga kula da shi shekara guda in wani abu ya lalace. Sati bakwai zan yi, Auta, kuma a sati bakwai ɗin nan ba zan iya karɓar wani aikin ba."

"Mahaifina ne fa."

"Na sani. Shi ya sa na sa masa komai da komai."

"Mahaifina ne, kana neman 'yarsa, sannan ka kai masa takardar da ta fi ta bare tsada? Ka san abin da Yaya za ta ce? Za ta ce ga shi nan, tun bai shigo gida ba ya fara yankar surukinsa."

Ya sassauta murya.

"Bari na ba ki labari. Shekarata ta farko a sana'ar nan, duk wanda ya ce 'ƙanen matata zai yi min a dubu ashirin,' sai na ce zan yi a sha biyar. Akwai wata mai shagon kayan kwalliya, wata uku ina mata aiki. Kullum 'ɗan gyara ne kawai, mayar da shi ja, a'a mayar da shi yadda yake.' Sau arba'in da ɗaya, na ƙirga. Ranar biya ta ba ni rabi, ta cika min da kwalbar turare."

A wata ranar da na yi dariya. Ranar ban yi ba.

"Kasuwar nan kullum akwai wanda ya fi ni araha," ya ce. "Ki sa aiki a intanet yanzu, kafin ki sha ruwa mutum hamsin sun rubuto, wani yana wata duniyar, zai yi shi a kuɗin katin waya. In na ce tseren araha zan yi da su, wallahi yunwa za ta kashe ni ina rungume da kwamfuta. Shekara uku na yi kafin bakina ya iya faɗar farashi ba tare da muryata ta yi rawa ba. Kar ki mayar da ni baya."

Duk na ji shi. Wallahi na ji, kuma can ƙasan raina na san gaskiya yake faɗa. Amma tsoro ya riga ya cika min ciki. Gani nake Baba zai aje takardun biyu gefe da gefe, ya ga mai mota ya yi sauƙi, mai jaka ya tsauwala, shi ke nan magana ta ƙare.

Sai na fashe da kuka.

"Wata takwas," na ce, "wata takwas ina shan gori a gidanmu saboda kai. Ba ranar da Yaya ba ta kira sunan Manaja a kunnena. Umma ta fara cewa ko in sake tunani. Ni kaɗai nake tsaye. Yau dama ɗaya ta zo, ɗaya tak, kai kuma kana min lissafin mai hoto."

"Auta, don Allah..."

"Ko dai kuɗin sun fi maka ni?"

Ya runtse ido. "Kar ki haɗa su. Don girman Allah kar ki haɗa su."

"Na haɗa! Ka nuna masa kai ɗan gida ne, ba ɗan kasuwa ba. Ka nuna masa za ka iya yin abu don mu. In ka kai masa wannan takardar, ka sani ka kai masa takardar rabuwarmu."

Har yau in na tuna wannan maganar sai na ji kunyar kaina. Na san inda yake da rauni, nan na sa yatsa na danna.

Ya daɗe yana kallona. Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Bai taɓa iya jure kukana ba, ko na wasa. Can sai ya tura min kwamfutar a hankali.

"Rubuta abin da kike so."

Na share hawaye da gefen mayafi. Na goge nasa, na rubuta dubu ɗari da hamsin.

Ya duba. Ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji.

"Wannan kuɗin mai hoto ne da na ajiye shafi. Ni ban da komai a ciki."

"Kana da ni," na ce.

Ya tashi ya buga takardar, ya sa hannu, ya liƙe ambulan ya miƙo min. Na sauko daga benen nan ina jin daɗi, wai ni na ceci aurena.

*

Ranar Asabar bayan la'asar Baba ya aika a kira shi. Ma'aikata sun tashi, shagon ya yi tsit, sai warin fenti da garin katako a ƙasa. Ɗan ofishin Baba ba shi da ƙofa, labule ne kawai. Na tsaya a bayan wata doguwar durowa da ba a gama fentinta ba, ina riƙe da tsumma kamar mai goge-goge.

Mai Jaka ya yi sallama, ya rusuna ya gaishe shi. Ya sa rigarsa mai ruwan toka, wadda ya fi ji da ita.

Baba ya sa tabarau, ya karanta shafi biyun nan layi-layi. Ya ciro fensir daga bayan kunne.

"Sati nawa aikin?"

"Bakwai, Baba."

"Mai hoton nan, wa zai biya shi?"

"Yana ciki."

"Kuɗin ajiyar na shekara?"

"Shi ma yana ciki."

"In ya lalace bayan wata shida?"

"Ni zan gyara. Yana ciki."

Na ji ƙarar fensir a kan takarda.

"To kai me ya rage maka?"

Mai Jaka ya sunkuyar da kai.

"Da kai nake. Sati bakwai, me za ka ci? Me za ka hau ka zo nan?"

"Allah zai rufa asiri, Baba."

"Zai rufa. Wa ya yanke wannan farashin?"

Na matse tsumman nan har yatsuna suka yi zafi.

"Ni ne," in ji Mai Jaka.

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai."

Baba ya cire tabarau ya aje.

"To, madalla. Na ba ka aikin."

Saura kaɗan na yi ihu. Na toshe bakina da hannu, hawayen murna suka zubo. Na ce a raina, ka gani ko? Ka ga abin da na faɗa maka?

"Aikin na ba ka," Baba ya sake cewa. "Ni ɗan kasuwa ne, in na ga araha ba na wucewa. Ɗaya maganar kuwa, wadda kake ta bina da ita wata takwas, ka bar ta. Ba zan ba ka Auta ba."

Ban san lokacin da na jingina da durowar ba.

"Baba..." in ji Mai Jaka.

"Saurara, yaro. Ni ban san kwamfuta ba, amma shekara talatin da biyar ina yanke wa aiki farashi. Na san takardar mai sana'a in na gan ta. Duk abin da ka jera a nan daidai ne, ka fi wancan sanin aikin nesa ba kusa ba. Sai da ka zo kan guminka, ka ce ba shi da daraja. Da ka tsauwala min, da na ji daɗi. Da mun zauna mun yi ciniki, na ja ka ja, na san da namiji nake magana. Amma wanda kunya za ta sa ya yi sati bakwai a banza, gobe haya za ta zo, ciwo zai zo, kunya ba ta biyan ko ɗaya. 'Yata ce za ta biya."

Na jira ya ce ba shi ba ne. Na jira ya ce akwai wata takardar. Kalma ɗaya ta ishe shi.

"Na gode, Baba," ya ce. "Yaushe zan fara?"

"Litinin."

*

Na cim ma Mai Jaka a bakin titi, yana gyara igiyar jakarsa.

"Me ya sa ba ka faɗa masa ba?" Kuka ya ci ƙarfina, ko mutanen da ke wucewa ban damu da su ba. "Me ya sa? Ni ce fa! Ni na rubuta!"

"Ni na sa hannu."

"Zan koma in gaya masa yanzu."

"Kar ki je." Ya ƙi yarda mu haɗa ido. "So kike in tsaya gaban mahaifinki in ce 'yarka ce ta sa ni? Da wane ido zai kalle ki? Da wane ido zai kalle ni?"

"Ka yafe min. Don Allah ka yafe min. Tsoro na ji."

"Na sani, Auta. Ni ma tsoron na ji." Ya gyara zaman jakar a kafaɗarsa. "Abin da ya fi min ciwo, gaskiya ya faɗa. Na san farashina, na san shi sarai. Shekara uku na yi ina koya. Kika yi kuka minti goma, na manta."

"To ka ƙi aikin. Ka ce ka fasa."

"In na fasa na zama wanda ba ya cika magana kuma. A'a. Zan yi masa shafin da bai taɓa ganin irinsa ba." Ya ɗan yi murmushi, hawaye na bin kumatunsa. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar. "Koma ciki, ana kallonki."

Ya tsallaka titi. Bai tari abin hawa ba, da ƙafa ya tafi. Na san dalili, ya fara tattalin sati bakwai tun daga ranar.

Na koma shago. Baba na zaune inda yake, takardar na gabansa.

"Baba, ni ce."

Ya ɗago.

"Ni na buɗe ambulan ɗin Manaja. Ni na je na same shi. Ba wannan ne farashinsa ba, ni na goge na rubuta wannan da hannuna. Ya hana ni, na yi ta kuka har ya bari." Na durƙushe a gabansa a cikin garin katako. "In hukunci ne ni za ka yi wa. Shi ba shi da laifi."

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi min sauƙi.

"Nawa ya rubuta da farko?"

"Ɗari shida da ashirin."

Ya jawo wani guntun katako, ya yi ɗan lissafi a kai da fensir. Ya gyaɗa kai.

"Daidai. Kuɗin aikin ke nan. Da wannan ya kawo min, da yau na ce ya zo mu zauna."

Wani sabon kuka ya ƙwace min. "To ai ka ji gaskiya yanzu, Baba. Ka ji ya sani."

"Na ji ya sani. Na kuma ji kin yi kuka ya sauke."

Ya yi ta juya fensirin. Da ya sake magana, muryarsa ta canja, ban taɓa jin ta haka ba.

"Kin san kina da wa, wanda ya rasu yana wata bakwai."

Na gyaɗa kai. A gidanmu ba a maganarsa.

"Shekarar da aka haife shi wata makaranta ta nemi teburan ɗalibai guda tamanin. Mu huɗu muka kai farashi. Na yi lissafina tsaf, na san abin da ya kamata. Uwarki ta ji tsoro kar aikin ya wuce mu. Ta yi kuka, ta ce in rage, mu samu shiga tukuna. Ina sonta, ban iya ganin hawayenta. Na rage kusan rabi, na samu aikin." Ya goge ido da bayan hannu. "Katako ya tashi a tsakiyar aiki. Wata huɗu ina yi, ko sisi bai rage ba. Ta sayar da keken ɗinkinta muka ci. Da zazzaɓi ya kama yaron, kwana uku muna jiƙa tsumma muna shafa masa, muna cewa gobe zai sauka, don babu na asibiti. Rana ta huɗu muka kai shi."

Bai ƙarasa ba. Ni ma ban tambaya ba.

"Rai na Allah ne, na sani. Amma shekara talatin ke nan uwarki ba ta yafe wa kanta wannan kukan ba. Ni kuma ban yafe wa kaina da na saurare shi ba. Ba ita ce mai sana'ar ba, ni ne. Ni ya kamata in ce mata a'a, ta yi fushinta na kwana biyu ta huce."

"Baba, shi ba zai sake ba. Ni ma ba zan sake ba, wallahi."

"Haka na ce ni ma, bayan an gama." Ya miƙe, ya ninke takardar ya sa a aljihu. "Yaron nan yana sonki, Auta, ban yi musu ba. Irin son da na yi wa uwarki yake miki. Shi ne abin da nake tsoro."

Na riƙe ƙafarsa ina roƙo, ina kiran duk sunan da na san yana sanyaya masa rai. Ya sa hannu ya ɗaga ni, ya kakkaɓe min garin katakon da ya manne a mayafina, kamar yadda yake min ina ƙarama.

"Share fuskarki kafin mu je gida, kar uwarki ta gani ta tambaya."

Ya ɗauki makullai, ya fara kashe fitilun shago ɗaya bayan ɗaya. Sai da ya kai bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Litinin ƙarfe takwas zai zo da mai hoto. Kaya ɗari da arba'in ne, wani sai ya tsaya yana nuna masa, yana karanta masa awo. Ke za ki yi. Duk sati bakwai ɗin."

"Baba, ba zan iya ba."

"Za ki iya," ya ce. "Ke kika yanke farashin. Ki tsaya ki ga yadda ake biyansa."